Zuwa ga ɗana da ya tambaye ni ko makiyayin barci yake yi

Ɗana,

Ina gaishe ka cikin sunan Yesu Almasihu. Ka gaida mini mamarka da ƙannenka.

Ranar Lahadin da ta wuce, a taron matasa bayan sujada, ka miƙe a gaban jama'a ka ce: "Baba, kullum kuna koya mana cewa Ubangiji makiyayi ne, mai jin addu'a. Mun yi azumi, mun kwana a majami'a saboda Rabaran Lawan Andimi, faston da 'yan Boko Haram suka kama a Michika, aka kashe shi. Tun 2018 muke kiran sunan Leah Sharibu, ɗalibar da aka sace a makarantar Dapchi, a cikin addu'a. To ina makiyayin yake? Ko barci yake yi?"

Wuri ya yi tsit, sannan aka fara gunaguni. Wani dattijo ya ce ka zauna. Ni kuwa na ba ka irin amsar da mu fastoci muke bayarwa idan an ƙure mu, na ce Allah ya san abin da yake yi. Gaskiya ce, amma da na kalli idonka na san na sallame ka hannu wofi. Daren nan tuwo bai shiga ba. Tun da a bainar jama'a ka yi tambayar, a bainar jama'a ya kamata in biya bashin.

Ba ka yi saɓo ba, kada wani ya tsorata ka. Ka buɗe Zabura 44, wajen ƙarshenta. Mutanen Allah ne da bakinsu suke cewa an mai da su kamar tumakin yanka, sa'an nan suka ce wa Ubangiji ya farka, don me yake barci. Tambayarka ke nan, ba ƙari ba ragi, kuma tana cikin Littafi Mai Tsarki tun kafin a haifi kakan kakanka. Zabura 23 ma da muke haddacewa tun muna makarantar Lahadi, maƙwabciyarta ta kusa ita ce ta 22, wadda ta fara da kukan wanda yake ji Allah ya yashe shi. Da ita Yesu ya yi kuka a kan gicciye. Dattijon da ya ce ka zauna mutumin kirki ne, na san shi shekara da shekaru, tsoro ne ya kama shi a madadinka.

Yanzu ka zo mu zauna a kan Ayyukan Manzanni sura 12, domin ban san wata sura da ta yi kama da Michika kamarta ba. Sarki Hirudus ya kama Yakubu ɗan'uwan Yahaya, ya sa aka kashe shi da takobi. Aya ɗaya tak aka ba shi. Da ya ga abin ya yi wa wasu daɗi sai ya kama Bitrus ma. Ikkilisiya ta duƙufa da addu'a, mala'ika ya zo da dare, sarƙoƙi suka zube, ƙofar ƙarfe ta buɗe da kanta. Bitrus ya je gidan Maryamu uwar Markus yana ƙwanƙwasa ƙofa, wata yarinya mai suna Roda ta gane muryarsa, murna ta sa ta manta ta buɗe, ta ruga ciki ta faɗa. Masu addu'ar suka ce mata ta haukace.

Ka lura da wannan. Da a ce ƙarfin bangaskiya ne yake sayen amsa, da waɗannan mutane ba su sami Bitrus ba, tun da ko da amsar ta zo bakin ƙofa ba su yarda ba. Kuma wa zai ce ba su yi wa Yakubu addu'a ba? Ikkilisiya ɗaya, gari ɗaya, sarki ɗaya. Ɗaya ya fito, ɗaya ya tafi. Luka da ya rubuta labarin bai faɗa mana dalili ba, ni ma ba zan ƙirƙiro maka ba. Duk wanda ya ce maka Andimi ya mutu ne saboda azuminku bai kai ba, ka bar shi da maganarsa. Nauyin nan ba naka ba ne.

Ni ɗan ƙauye ne daga wajen Garkida, inda aka yi sujadar farko ta ikkilisiyarmu ta EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) a ƙarƙashin itacen tsamiya a watan Maris na 1923. Kafin in riƙe alli na riƙe sanda. Da damina kiwo wasa ne, ciyawa har gwiwa, ruwa a kowane kududdufi. Da rani kuwa sai mun gangara da tumaki da awaki can kwarin kogin Hawul, don a nan ne kawai ake samun ruwa da ɗan ɗanyen ganye. A nan ɗin ne kuma sarƙaƙiya take, da maciji, da sawun kura a kan rairayi. Babana ya san duk wannan, amma can yake tura mu. Tunkiya ba ta san me ya sa aka baro da ita fili aka shigar da ita duhuwa ba. Abin da ta sani shi ne muryar da ke gabanta.

Dawuda ya yi kiwo, ya san wannan kwarin. Na yi shekaru ina karanta zaburarsa ta 23 kafin in ga wani abu da ke kwance a fili. A ayoyi ukun farko labarin Ubangiji yake ba mu, kamar mai yabon wani da ke nesa: yana sa ni in huta, yana bi da ni. Da ya iso aya ta huɗu, inda hanya ta shiga duhun mutuwa, sai ya daina ba da labari, ya juya yana magana da shi ido da ido: "gama kana tare da ni." A cikin ɗanyar ciyawa "shi" ne, a cikin kwari ya zama "kai". Ba inda zaburar ta ce za a kewaye kwarin. Har teburin da aka shirya masa, a gaban maƙiyansa aka shirya shi, suna nan suna kallo.

Ka san na ɗanɗana. A ƙarshen Oktoban 2014, lokacin da 'yan Boko Haram suka shiga Mubi suka kuma kama hedikwatarmu a Kwarhi, kana ƙaramin yaro. Mun yi makonni muna roƙon Allah kada su iso. Suka iso. Na fita da matata da jikoki biyu, da takalmin roba, muka bi daji. A rana ta biyu ba na roƙon a ceci gari kuma, ruwa kawai nake roƙo. Sai muka ci karo da wani Bafulatani da shanunsa. Ya ba yaran nono, ya nuna mana hanyar da za mu bi da wadda za mu guje wa, bai tambaye mu addininmu ba. Na san kalmar makiyayi ta yi ɗaci a kunnen mutanenmu da yawa a 'yan shekarun nan, kuma ba zan raina hawayen kowa ba. Amma ni dai ta hannun makiyayi aka amsa mini addu'a. Babbar addu'ar da muka yi ba mu ga amsarta ba, ƙaramar ta zo a cikin ƙwarya. Har yau ban iya jera su a kan sikeli ɗaya ba.

Akwai kuma wani kason tambayarka da ba Allah za ka kai wa ba. Ezekiyel sura 34 ta yi kaca-kaca da makiyayan da suke cin kitse, suna sa ulu, ba sa neman ɓatacciya, ba sa ɗaure ƙafar wadda ta karye. Shugabanni ake nufi. 'Yan matan Chibok 276 da aka kwashe a watan Afrilun 2014, a makarantar gwamnati suke. Na Dapchi ma haka. Kada mu ce "nufin Allah ne" mu wanke hannun waɗanda aka damƙa wa amanar tsaro. Wannan fushin naka ka adana shi, yana da amfani ranar zaɓe. Mu masu hawa bagade ma surar ba ta ƙyale mu ba.

Game da Rabaran Andimi, ka sake kallon bidiyon da aka fitar bayan an kama shi a farkon Janairun 2020. Ka dubi fuskarsa. Ya nemi a taimaka a fitar da shi, mutum ne, yana son komawa wurin matarsa da 'ya'yansa. Amma ya ce bai karaya ba, kome yana hannun Allah, ya kuma roƙi iyalinsa kada su yi kuka. Ranar 20 ga watan aka kashe shi. Kun roƙa a sake shi, ba a sake shi ba, ba zan yi maka kwana-kwana ba. Amma na tabbata akwai waɗanda a cikinku suka roƙa kada ya firgita, kada ya yi musun Ubangijinsa. Natsuwar nan daga ina ta fito wa mutumin da ke zaune a hannun masu bindiga? Ni na ga mutumin da ba shi kaɗai yake zaune a wurin ba.

Abin da yake riƙe da ni a tsufana shi ne Yahaya sura 10. Ɗan ƙodago idan ya hango kyarkeci sai ya watsar da garke ya gudu, don tumakin ba nasa ba ne. Namu makiyayin, Yesu, ya tsaya. A Getsamani sau uku ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon wahala, ba a ɗauke ba. Ke nan wanda kake kai wa ƙara ya san ɗacin yin addu'a a ji shiru, ya shiga kwarin kafin Andimi, ya kuma fito ta ɗaya gefen a rana ta uku. Ba don haka ba, da tuni na ajiye wannan aiki na koma gona.

Na lura da ka yi maganar Andimi da Leah, amma ba ka ambaci babanka ba. Ni na yi jana'izarsa, na san wanda kake tambaya a kansa. Wannan ba maganar takarda ba ce. Ina gida ranar Laraba da la'asar, Mama za ta dama kunun gyaɗa. Idan ba ka iya yin addu'a a yanzu, ba kome, ka zo hakanan. Leah ma ba mu cire sunanta daga takardar addu'ar Laraba ba, kuma ina so kai ka karanta shi wannan makon in za ka iya.

Ni ne babanka cikin Ubangiji,
tsohon faston majami'arku.