A duba nauyi da bushewar itace kafin a sayi kulakan motsa jiki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan wani abu da na ga ya fara shiga hannun matasanmu a nan Kaduna, wato kulakan katako da ake riƙewa ɗaya a kowane hannu ana wulwula su a bayan kafaɗa da saman kai domin ƙarfafa jiki. Na shafe shekaru ina fita motsa jiki da asuba a Dandalin Murtala, kuma a 'yan watannin nan na ga samari da dama sun zo da irin waɗannan kulake, wasu sun yo odarsu ta intanet da kuɗi masu yawa, amma mafi yawansu sun sayi abin da ya fi ƙarfinsu.

Wannan atisaye tsoho ne ƙwarai. 'Yan kokawar Indiya da na Iran sun daɗe suna yin sa, kuma a Iran har yau ana yin sa a gidajen horo da suke kira zurkhane, inda ake kaɗa ganga ana wulwula manyan kulake masu suna mil, al'adar da hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya cikin jerin al'adun gado na duniya a shekarar 2010. Sojojin Ingila da suka yi zama a Indiya a ƙarni na 19 su ne suka kai shi Turai, inda aka rage girman kulakan aka shigar da su makarantu da barikokin soja, har ta kai an yi gasarsa a wasannin Olamfik na 1904 da na 1932 a Amurka. Na kawo wannan tarihi ne domin mai saye ya san cewa kulakan iri biyu ne: akwai ƙanana masu siffar kwalba da ake amfani da su wajen sassauta gaɓɓai da koyon sarrafa hannu, akwai kuma manya na 'yan kokawa waɗanda sai wanda ya ƙware yake ɗaukar su.

Kuskuren da na fi gani shi ne auna kulki da ma'aunin ƙarfen da ake ɗagawa a gidan motsa jiki. Saurayin da ya saba ɗaga kilo 20 da hannu ɗaya yana ganin raini ne a ce masa ya fara da kulki mai rabin kilo ko kilo 1, alhali nauyin kulki yana can ƙarshensa, nesa da tafin hannu, kuma da zarar an wulwula shi sai jan da yake yi wa wuyan hannu da gwiwar hannu da kafaɗa ya ninka abin da sikeli ya nuna. Duk macen da ta taɓa daka ta san cewa taɓarya a riƙe a tsakiya daban take da taɓarya a riƙe a baki ɗaya. Kafaɗa gaɓa ce mai saurin rauni da jinkirin warkewa, saboda haka ina ganin babu dalilin da zai sa sabon shiga ya wuce kilo 1 a kowane hannu, sai bayan ya iya zagaya kulkin a bayan kansa ba tare da ya buge ƙeyarsa ko ya karkata ƙugunsa ba.

Abu na biyu, wanda ni kaina na ɗanɗana, shi ne rashin daidaito tsakanin kulakan biyu. Na taɓa sayen wasu a hannun wani ɗan kasuwa, a ido kamar tagwaye, amma bayan makonni kaɗan sai kafaɗata ta hagu ta fara ciwo, da na ɗora su a kan sikelin mai sayar da nama sai na tarar ɗaya ya ɗara ɗan'uwansa nauyi sosai. Tun daga ranar ba na karɓar kulki sai an auna kowanne shi kaɗai a gabana, sannan in ɗora shi a kan yatsa in ga inda yake tsayawa, domin idan nauyinsu ɗaya amma matsayarsu ta bambanta, hannu zai ji bambancin a kowane zagaye. Haka kuma mariƙin ya kasance an goge shi sumul ba tare da an lafta masa fenti mai santsi ba, kuma a ƙarshensa a bar ɗan dunƙule, saboda idan gumi ya jiƙa hannu wannan dunƙulen ne yake hana kulki kuɓucewa ya faɗa kan wanda ke kusa.

Sai maganar itace, wadda a yanayinmu ta fi komai muhimmanci. Katakon da bai gama bushewa ba yana iya yin kyau a damina, amma da hunturu ya kama sai ya tsage daga ƙasa zuwa mariƙi, nauyinsa ma ya ragu, kuma ba lallai kulakan biyu su ragu daidai ba. Muna da itatuwa masu tauri da masassaƙanmu suka daɗe da sani, irin su ƙirya da ake yin turmi da taɓarya da ita, da maɗaci, da marke. Abin da ake bukata shi ne a yanko kulakan biyu daga busasshen gungume ɗaya marar gaɓa ko ramin gara, kuma mai su ya riƙa shafa musu ɗan mai yana ajiye su a inuwa.

Wannan ne ya sa nake ganin bai kamata a riƙa kashe dala wajen shigo da abin da kafintocinmu na Panteka, masu injin da ke juya katako ana fitar da ƙafafun kujeru da gadaje, za su iya yi idan aka kai musu zane da awo. Kulkin koyo bai wuce tsawon santimita 40 zuwa 50 ba, aikin da ba zai gagari ƙwararre ba. Ina kira ga masu horar da 'yan dambe da 'yan kokawa, da malaman wasanni na makarantunmu, su zauna da waɗannan masu sana'a su tsayar da awo biyu ko uku da za a riƙa bi, kuma a riƙa rubuta nauyin kowane kulki a gindinsa, yadda yaron da ya tara kuɗinsa ya je saye zai san abin da aka miƙa masa.

Na gode da ba ni wannan dama.

Naku mai karatu,
daga Tudun Wada, Kaduna.