A riƙa yi wa tarihin Ahmed Musa adalci

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Masu auna Ahmed Musa da zamansa a Leicester City kaɗai ba sa kyauta masa. Ƙwallo 18 ya ci wa Kano Pillars a kakar 2009/2010, ya wuce VVV-Venlo ta Holan, sannan CSKA Moscow a 2012, inda ya ɗauki kofin gasar Rasha sau uku.

A Leicester kam abin bai yi armashi ba: an fi sa shi a gefe ko benci, kuma koci Ranieri da ya sayo shi a 2016 an sallame shi a Fabrairun 2017.

Amma a Super Eagles fa? Kofin Afirka a 2013, ƙwallo biyu a ragar Ajantina a gasar cin kofin duniya ta 2014, biyu a ta Iceland a ta 2018, da wasanni sama da 100.

Wassalam,
Mai karatu