Ba aikin nas ne kaɗai a asibiti ba

Edita, assalamu alaikum. Shekarata 34, yarana uku, yanzu Allah yayi zan koma makaranta kuma kowa cewa yake ki tafi nas kawai, amma wallahi dutin dare ga yara ƙanana bazan iya ba. Tun da ɓarin jikin babanmu ya shanye naga wata ma'aikaciya ta zauna tana koya masa riƙe cokali da ɓalle maɓallin riga, ranar da ya kai loma bakinsa da kansa sai da nayi kuka, aikin nan da ake kira occupational therapy ya shiga raina. Matsalar makarantar da na sani ana koyar da aikin tana can Oshodi a Legas. Dan Allah ku taya mu kira a buɗe irinta a Kano.

Wata uwa daga Kano