Barka da Sallah daga Salisbury, maƙwabciyar duwatsun Stonehenge

Salisbury, Ingila
Juma'a, 10 ga Zulhajji 1446, 6 ga Yuni 2025

Assalamu alaikum Baba da Inna da duk mutanen gida,

Barkanmu da Sallah, Allah ya karɓi layya, ya maimaita mana. A nan ma an yi idi, amma ana sallamewa kowa ya dubi agogo ya nufi wurin aiki, don yau ba ranar hutu ba ce a Ingila. Titi tsit, ko kukan rago ɗaya babu. Doka ba ta yarda a yi yanka irin na addini a tsakar gida ba, sai a mayankar da hukuma ta ba lasisi. Kuɗi ake ba mahauci, bayan kwana ɗaya ko biyu a karɓi nama a kwali, a yayyanke, da sanyin firji. Yawanci ba kai, ba ƙafa, ba fata.

Inna, suyarku ce ta hana ni sakat tun asuba. Na san yanzu an gama da hanta da ƙoda, an rataye ragon ya kwana yana tsanewa. Gobe a daddatsa, a sulala da albasa da citta da kanumfari da gishiri har ruwan ya ƙone a jikinsa, sannan a tsunduma cikin kakide a babban kasko, wuta ba mai yawa ba, ana juyawa har ya daina kumfa. Wanda ya yi gaggawar kwashewa da sauran danshi, kafin sati fumfuna ta kama masa. Naku kuwa yakan kai wata uku a fanteka, in dai Auta bai gano inda aka ɓoye makulli ba. A nan ko an samu naman, da hayaƙi ya tashi na'urar gobara da ke rufin ɗaki za ta kama ihu, maƙwabta su fito. Kuma ina yajin Goggo?

Taron mutanen nan na watan Yuni saura mako biyu, kuma na duwatsu ne. Kimanin kilomita 13 arewa da garin nan akwai Stonehenge, zoben manyan duwatsu a tsakiyar fili fetal. Ranar 21 ga wata, wadda ta fi kowace rana tsawo a shekara, hantsinsu kan ɓullo wajen ƙarfe biyar saura 'yan mintuna, dab da wani dutse da ke tsaye shi kaɗai a arewa maso gabas. Dubban mutane ke kwana a wurin don su gani. Yawancin ranaku tikiti ake saye, a tsaya bayan igiya, amma a wannan dare hukumar English Heritage mai kula da wurin kan buɗe kyauta har cikin zoben. An hana giya da kwalba da tanti da hawa kan dutse. Za a ga masu fararen riguna suna bin abin da suke cewa addinin kakanninsu ne, ga masu ganguna, ga 'yan kallo da wayoyi a sama. Wata shekarar kuma gajimare ya rufe gabas, a watse ba a ga komai ba. Allah mai iko, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Kawu, wannan naku ne, tunda ku ne magina. Kimanin shekara 5,000 da suka wuce aka fara da gwalalo zagayayye mai faɗin kusan mita 100, da ƙahon barewa aka haƙa shi cikin alli, don lokacin ba su da ƙarfe. Bayan wajen shekara 500 aka kafa manyan duwatsun. Kowanne ya kai tan 25, an jawo su daga West Woods, kilomita 25 arewa. Zoben waje an tsara shi da na tsaye 30, kowanne kimanin mita 4 a saman ƙasa, da linta 30 a kansu. Ba kwaɓi ko kaɗan. A kan na tsaye an sassaƙa ƙululu, a cikin lintar an fafe gurbinsa, sai su zauna kamar taɓarya a turmi, gefen linta kuma ya shige cikin na 'yar'uwarta. Aikin kafinta ne aka yi da dutse, kuma da dutse aka daddaƙe shi har ya yi sumul. Wajen kafawa, rami suke haƙawa mai gangare a gefe ɗaya, a jera turaku a ɗaya gefen don kada bakin ya zube, a zurara gindin dutsen, a ja da igiyoyi har ya miƙe, a cike da ɓaraguzai a danne.

Inda ramin bai yi zurfi ba, nan ake samun matsala. A 1797 wasu manya biyu da lintarsu suka kife, sai 1958 aka ɗaga su. A gyaran wancan zamanin siminti aka cusa a gaɓoɓin linta, shi kuwa ba ya barin danshi ya fita, sai ya tsattsage. A 2021 aka ƙwaƙule shi aka maye da kwaɓin farar ƙasa mai barin danshi ya fita. Kun sha faɗa wa masu shafe ginin ƙasa da siminti haka, ba su ji ba.

Ƙananan duwatsun, masu tan 2 zuwa 5, daga tsaunukan Preseli na Wels aka kawo su, kusan kilomita 240. Labarin da ya girgiza masana a watan Agustan bara shi ne na dutsen da ke kwance a tsakiya, mai tan 6. An daɗe ana cewa na Wels ne, sai gwajin ƙwayoyin ma'adinansa ya nuna daga arewa maso gabashin Sikotlan yake, sama da kilomita 700. Ba mota, ba doki. Baran dai ba a huta ba: ranar 19 ga Yuni wasu masu zanga-zangar sauyin yanayi suka fesa wa duwatsun hoda ruwan goro. Da iska aka hure ta, don ruwa zai sa ta yi zane, goga kuma zai kashe gansakukar da ke jikinsu, wadda ita ma ake karewa. A Yuli sabuwar gwamnati ta soke shirin binne hanyar A303, wadda ke wucewa kusa da duwatsun, a ƙarƙashin ƙasa saboda tsada, don haka har yau motoci na cunkushewa, direbobi na rage gudu suna leƙe. Mutanen Amesbury, garin da ke kusa da duwatsun, da ƙauyukan kewaye kuwa da katinsu suke shiga kyauta duk shekara. Nakan tuna kushewun Durɓi Takusheyi, in ce da ma su ma an yi musu irin wannan hidima.

Abin da ya fi tsaya mini a rai yau shi ne Durrington Walls, kilomita 3 daga duwatsun, inda ake ganin maginan suka zauna a ɗakunan itace da aka yaɓe da alli. An tono ƙasusuwa tuli, mafi yawa na alade, sai shanu. Haƙoran sun nuna da yawa an yanka su suna 'yan wata tara, wato tsakiyar hunturu, kuma an koro wasu daga nesa. Har akwai gaɓoɓin da aka yar ba a gama cinye naman jikinsu ba, alamar an ƙoshi. Ashe su ma haɗuwa suke yi daga ko'ina, a yanka, a gasa, a ci tare. Dabbar dai ba tamu ba ce, Allah ya tsare, amma hayaƙin da hayaniyar na san su. Yanzu ƙarfe tara na dare ta wuce, rana ba ta faɗi ba, ni da shayi da burodi.

A gaishe da Hajiya Kaka gaisuwa ta musamman, a durƙusa mata a madadina. A ce mata rigar sanyin da ta raina ita ce ke rufa mini asiri, kuma kada ta yarda a ba ta tsoka mai tauri, a daka mata dambu, a sa mata man shanu kamar yadda take so, goronta yana cikin saƙon da na turo wa Yaya. Goggo, ina roƙon yaji ko gwangwani ɗaya ne in an samu mai tahowa. Yaya da amaryarsa, Allah ya sauke ta lafiya. Kawu da yaran aikinsa. Malam Liman, a sa ni a addu'a. Maƙwabta duka. Auta kuwa, na yafe masa takalmina da ya gaje tun ina raye, amma ya ɗauko mini hoton kaskon gobe yana tafasa, da muryar Inna tana korar sa daga bakin murhu.

A ware mini kasona ko da ba zan ci ba, a ba almajiran gidan.

Wassalam,
ɗanku na Ingila