Zuwa Ga Tsohuwar Dauramarmu

Mutumina,

Gaisuwa mai yawa. Ya iyali, ya Fatakwal da ruwanta marar ɗaukewa? Wai tsohon littafin nan mai jan bango da muka rubuta wasan Bayajidda a ciki, yana wurinka? Nemansa nake ido rufe, don an gayyace mu mu yi wasan a Sallar Gani ta bana, gaban manya. Mu fa! 'Yan tashen da ake kora daga zaure in an gaji da gangar gwangwaninmu.

Daren jiya na ba yaran tarihin ƙungiya, suna ta kallona wai ƙari nake. Na ce musu daga tashe muka samu ajin firamare, hedimasta na ba mu makulli bayan la'asar, labulenmu zanen gadon Inna ne, haskenmu fitilar ƙwai biyu. Kuɗin farko da muka taɓa riƙewa na wasan rigakafin shan-inna ne, lokacin da muke bin kasuwannin Mai'aduwa, Sandamu da Zango a bayan a-kori-kura. Da na kai ga cewa wani ƙato mai gemu ne yake ɗaura zane ya fito a Daurama, har ɗankwalinsa ya taɓa faɗuwa a gaban hakimi, sai da aka riƙe Gajere don dariya. Ban faɗi sunanka ba. Tukuna.

Yanzu mata shida gare mu, da yardar iyayensu, kuma wadda ke fitowa a Ayana, tsohuwar da ta sauki Bayajidda a Daura, ta fi mu duka. In ta ce wa baƙon, "Ɗana, ruwa sai Juma'a, macijin nan Sarki ba ya bari," har tsikar jiki ke tashi.

Amma abin da ke hana ni barci daban ne. Tun korona a 2020 da aka hana taro, yaran suka koma TikTok, kuma ba zan ƙi gaskiya ba, ta nan aka san mu har Maraɗi. Sai dai kamara ta ɓata su. Magana ƙasa-ƙasa, in mutum ya manta zance sai ya tsaya ya ce a yanke a sake. A dandali wa zai yanke maka? Na baya can wajen masu rake ma haƙƙinsa ne ya ji. Na kan tura Bayajiddan namu ƙarshen filin ƙwallo ya yi ta kirari har sai na jiyo shi. Haushina yake ji, ya je ya yi ta ji. Ga janareta, tun da aka cire tallafin mai a 2023 rabin kuɗin ƙofa a cikinsa yake ƙarewa.

Af, Gajere zai ƙara aure bayan Maulidi. Da me, oho. Har yanzu bai biya mai shayin bakin tasha ba.

Macijin ma matsala ne. Tsohon na buhu da soso gara ta cinye shi, tela ya ɗinko sabo, kowa ya gani sai ya ce kada ne. Na kai telan bakin rijiyar Kusugu ko zai samu basira, ya ɗebi ruwa ya sha, ya dawo ya ƙara masa haƙora.

In za ka zo Gani, taho da lasifikar hannu guda biyu, an ce can sun fi araha. Inna na gaishe ka, ta ce har yau ba ka maido mata zanenta ba.

Naka,
Sarkin wasa