Roƙon tallafi don gyara ɗakin killace marasa lafiya a asibitin unguwarmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yan uwa, kwamitin masallacin Juma'a ne ya sake miƙo ƙoƙon bara, sai dai wannan karon ba na tabarma ko lasifika ba ne. Na ƙaramin asibitinmu ne da ke bayan makarantar firamare.

Duk wanda ke Kano a 2023 ya san ɓarnar da mashaƙo ya yi. Tun ƙarshen 2022 cutar ta ɓulla, kuma babu jihar da ta kai tamu yawan waɗanda suka kamu, galibi yaran da ba a yi wa rigakafi ba. Wasunmu sun gani da idonsu a asibitin nan: yaro wuya a kumbure, numfashi da ƙyar, yana zaune a benci ɗaya da mata masu juna biyu da suka zo awo, don babu inda za a keɓe shi kafin a samu motar kai shi Asibitin Zana na masu cututtuka masu yaɗuwa. Ma'aikaciyar jinya tana ta fama, safar hannu ta ƙare, famfo ko ɗigo, sai an tsayar da ɗan garuwa sannan ta wanke hannu. Wallahi ba laifinta ba ne.

Ga rani ya ƙarato, lokacin sanƙarau ke nan, dattawanmu kuwa ba su manta da annobarsa ta 1996 ba. Lokacin zazzaɓin Lassa ne kuma, wanda ɓera ke yaɗawa ta abincin da ya ɓata da fitsari ko kashinsa. Damina na sauka, sai kwalara.

Mun zauna da shugaban asibitin, ya nuna mana wani tsohon sito a baya, rufinsa na yoyo amma gininsa da ƙwari. Shi muke son gyarawa ya zama ɗakin killacewa, a fitar masa da tagogi da ƙofarsa daban da banɗakinsa, a kafa tankin ruwa. In kuɗi sun ragu, a sayi safar hannu da takunkumi da sinadarin kulorin a ajiye, a kuma sa wa firjin allurar rigakafi sola.

Ba sai kuɗi ba. Buhun siminti, bandir ɗin kwano, ko magini ya ba da yini guda, duk muna so. Iyayenmu mata za su iya bayarwa ta hannun malamar Islamiyya.

Ma'aji zai riƙa zama a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a da rasit a hannu, kuma za a liƙa lissafin abin da ya shigo da wanda ya fita a allon sanarwa duk ƙarshen wata.

Allah ya mayar muku da ninkinsa, ya tsare mu da annoba, amin.

Kwamitin Masallacin Juma'a