Ka sa wa launukanka suna

Ɗana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, karatu yana tafiya daidai. Na buɗe zanen da ka yi da p5.js, manhajar nan ta yin zane da rubutun shirin kwamfuta, ya yi kyau ƙwarai, har mahaifiyarka ta ce a sake kunna mata. Amma da na leƙa rubutun shirin, hankalina bai kwanta ba. Lambobin nan uku na shuɗinka, 30, 40, 110, ka zuba su a fill mai cika cikin siffa da launi, ka maimaita a stroke mai zana gefenta, ka sake kawo su can ƙasa. Ranar da ka ga shuɗin ya yi duhu da yawa, sai ka bi layi-layi kana farauta, kuma da wuya ɗaya bai kuɓuce maka ba.

Ka haɗa launi sau ɗaya, ka ajiye shi, ka sa masa suna. A sama ka rubuta let shuni; a cikin setup kuma, wato sashen da ke gudana sau ɗaya a farkon shiri, ka ce shuni = color(30, 40, 110). Kada ka kira color a can sama, wajen setup, domin a lokacin p5 bai gama tashi ba, kuskure zai ba ka. Daga nan duk inda kake so, fill(shuni) ya wadatar. Wanda ya karanta aikinka bayan shekara zai gane nufinka, kai ma haka.

Abin da ka ajiye ɗin yana riƙe da ja, kore da shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255, da kuma na huɗu, alpha, wato yadda ake hango abin da ke bayansa. Ka tambaye shi red(shuni), ya ba ka 30. Ka miƙa shi ga lerpColor tare da fari da 0.5, ka samu launin da ke tsakiyarsu.

Ga inda nake so ka natsu sosai. A Processing, tushen p5.js, wanda Ben Fry da Casey Reas suka fara a MIT a 2001, launi lamba ɗaya ce kawai, in ka kwafa ka kwafa ke nan. A p5.js ba haka ba ne. In ka ce let inuwa = shuni, ba ka samu sabon launi ba, suna biyu ka sa wa karofi ɗaya: duk wanda ya ƙara masa ruwa, rinin kowa ya sauya. Kana yin inuwa.setAlpha(80), shuninka ma ya dusashe ko'ina. In sabo kake so, ka haɗa shi daga tushe: color(red(shuni), green(shuni), blue(shuni), 80).

Launuka biyar sun ishe zanen nan. Ka gyara ka sake turo mini kafin hutu.

Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka